Kamfani Ba Ya Zubar da Kaya

Sati bakwai cur mijina ya yi yana aiki a kamfanin lemon kwalba, yau shekara tara ke nan muna shan labarin. Aikinsa a can jera kwalayen da babu komai a ciki, a wani ɗaki na bayan sito. Amma ɗakin yana da taga, tagar kuma tana kallon manyan tankunan da ake haɗa lemo, to ta wannan taga ya kwaso ilimin da ya sa ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Unguwa ta karɓa, don baki ba ya ciwo in ya kira mutum da abin da yake so.

Ni kuwa ruwan sanyi nake sayarwa. Teburi ɗaya gare ni da kula biyu a bakin ƙofar gidan motsa jiki, inda ƙarti ke zuwa su ɗaga ƙarfe su sauke, su fito harshe a waje. Shekara biyu na yi ina bin Koci, mai wurin, kafin ya ba ni wannan gurbi. Mutum ne da ba ya dariya sai in wani ya faɗi. Matar da ke wurin kafin ni, ƙuda ɗaya ya gani a cikin kularta ya sallame ta a ranar. Da teburin nan muke ci, da shi yara ke zuwa makaranta, shi ya sa nake goge shi sau uku kafin rana ta take.

Masifar daga gwangwani ta faro. Masu ɗaga ƙarfe suna son wani lemon ƙara kuzari, baƙin gwangwani siriri, wanda aka rubuta wa babu sukari, kalori sifiri. Wata rana Injiniya ya kawo mini ƙanƙara, ya tsinci fanko a ƙarƙashin teburi, ya ɗora tabarau a karan hanci ya juya bayan gwangwanin.

"Ruwa. Gas. Ɗan tsami. Kafeyin. Sinadarin zaƙi." Ya ɗago ya dube ni. "Madam, shi ke nan fa. A kan abu biyar ake yi wa mutane wannan kurin."

"Ajiye musu fankonsu, Yallaɓai."

"Ni da na ga yadda ake yi da idona?"

"Ta taga."

"Tagar ce ta gani ko ni?"

Na ɗauka maganar ta bi iska kamar sauran, don kafin wannan mun yi kamfanin sabulu da kamfanin man takalmi, duk a baki. Bayan kwana biyu sai ga Koci ya tsaya a kaina, hannuwa a harɗe.

"Mai ruwa, ashe kamfani gare ku ba ki taɓa faɗa ba."

Ashe Injiniya ya sa kwat ya same shi har ofis, ya ce ni da shi mun fito da sabon lemon kuzari, yana roƙon ranar Asabar, ranar gasar ɗaga ƙarfe, a bar mu mu ba jama'a ɗanɗano a teburina.

"Na yarda saboda ke," in ji Koci. "Shi ban san shi ba. In abu ya yi kyau, teburinki ne. In ya ɓaci ma, teburinki ne."

Bakina ya buɗe zai ce ƙarya ne, sai na tuna wanda zan ƙaryata uban 'ya'yana ne. Na ce Allah ya kai mu.

Ranar Laraba na bi shi kantin kayan haɗin lemo, don in ban iya hana gobara ba, in san aƙalla inda ta tashi. Mai kanti ya sauko da gwangwanin wani farin gari, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba sukari ba ne. Ya ninka sukari zaƙi sau ɗaruruwa. Kan cokalin shayi ya ishi bokiti."

"Ka taɓa shiga kamfani?"

"A'a."

"To ni na shiga. Buhu-buhu ake juyewa a tanki, ba a tsayawa ana ɗigawa kamar maganin ido."

"Ai wancan sukari ne."

"Zaƙi zaƙi ne. Ba ni gwangwanin duka."

Mai kanti ya dube ni, na dubi silin.

Gidan haya muke, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Ɗakin da ke kusa da namu na Tela ne, mutumin kirki da bai iya cewa a'a ba. Sai Gwaggo, yayar baban Injiniya, wadda ke zaune tare da mu, ita kuma ba ta iya cewa komai ba sai a'a. A gabansu Injiniya ya sa farar rigar ruwa, ya ɗaure kai da leda, ya tari ruwa bokiti ɗaya, ya juye gwangwanin kaf a ciki har yana buga gindinsa. Ya zuba ɗan tsami, ya juya da sabuwar sandar tsintsiya, ya ɗebo a kofi ya miƙa wa Tela.

"Tarihi zai tuna kai ne farko."

Tela ya kurɓa. Ya tsaya. Idonsa ɗaya ya rufe da kansa, ɗayan ya kawo ruwa. Ya daɗe yana haɗiyar abin da ya riga ya haɗiye.

"Yaya?"

"Da farko dai zaƙi," in ji Tela a hankali. "Sai ɗaci. Yanzu kuma kamar na kwana ina tsotsar makulli."

"Hawa uku ke nan. Lemon kanti hawa ɗaya ne da shi."

"Sha ka ji, Yallaɓai," na ce.

Ya taɓa da harshe. Na ga kunnuwansa sun motsa. Ya ce ya ɗan yi ƙarfi kaɗan, wannan shi ake kira uwar lemo, sai an sirka.

Na ce, "To ka ɗebi cokali ɗaya a ciki ka sa a sabon bokiti, ka zubar da sauran. An gama."

Ya dube ni kamar na ce ya zubar da Gwaggo. "Madam, kamfani ba ya zubar da kaya."

Wannan magana ita ta cinye mu. Maimakon ya ɗebi kaɗan, sai ya raba bokitin gida biyu ya cika kowanne da ruwa. Tela ya ɗanɗana, babu abin da ya canza. Ya raba biyun suka zama huɗu, huɗun suka zama takwas. Bokitanmu suka ƙare, ya shiga bahon wanki, ya shiga bahon wankan yara, ya shiga tukunyar da nake dafa ruwa. Ranar Alhamis ya ari duron maƙwabta da jarkoki shida. Matar da ke ɗakin ƙarshe ta fito za ta jiƙa kaya ta tarar da bahonta cike da kamfani. Famfo ya wuni yana zuba, mutanen gida suna layi da kofuna a bayansa kamar masu bara.

Duk sirkin da aka yi sai an kira Tela. Wajen la'asar bawan Allah ya fara ɓuya a bayan keken ɗinki. Ya ce tun jiya komai zaƙi yake masa, ruwa zaƙi, man goge baki zaƙi, har zaren da yake lasa zai zura a allura.

"Shayin safe ma ban sa sukari ba," ya ce kamar zai yi kuka.

"Kun ji shaida," in ji Injiniya. "Kofi ɗaya ya raba shi da sukari."

Gwaggo tana kan tabarmarta tana kallo. Ta nuna ƙasa da sandarta. Wani layin tururuwa ne ya taho daga gindin bango, ya iso inda lemon ya zuba, ya yi kwana ya zagaye shi ya wuce.

"Kai, ɗan nan, zo ka ga."

"Hujja ke nan, Gwaggo. Babu sukari ko ɗigo. Kalori sifiri."

"Mene ne kalorin?"

"Shi ne abin da ke cikin abinci yake ba jiki ƙarfi."

"Kuma naka babu ko ɗaya."

"Ko ɗaya."

"Kuma na ƙarfi ne."

"Sosai."

"To Allah ya ba da sa'a. Ni dai abin da tururuwa ta gani ta canza hanya, ba zan ba ɗan mutum ba."

Ranar Juma'a aka shiga batun kafeyin. Bai samu na kamfani ba, sai ya dafa garin kofi ya bi kowane mazubi ya zuba. Lemo ya koma ruwan ƙasa. Ya ce 'yan zamani shuɗi suke so, ya ƙara kalar abinci shuɗiya. Abin da ya fito ba ni da sunansa. Wanda ya taɓa wanke tsumman goge ƙasa a bokiti ya san kalar.

"Wa zai sha wannan in ya gan shi?" na ce.

"Wa ya ce zai gani? Kin taɓa ganin cikin gwangwani? Sirrin kasuwar ke nan. Ido ake sayar wa, ba baki ba."

Gwangwani ya fi ƙarfinsa, sai ya tattaro robobin ruwa da aka sha aka yar a wurina, ya wanke. Ya je wurin mai buga takardu aka yi masa baƙar takarda da za ta naɗe roba daga wuya har gindi. A sama an rubuta TSAWA da jan rubutu. A tsakiya fuskarsa ce, da tabarau da murmushi, a gefe kuma wani damtse kamar cinyar bijimi, wanda ni da na yi shekara goma sha ɗaya da shi ban taɓa gani a jikinsa ba.

"Hannun waye wannan?"

"Na kamfani ne."

Da gam ɗin manna takarda ya liƙe su ɗaya bayan ɗaya, yana waƙa. Roba ɗari da ashirin ya cika, ko duro ɗaya bai taɓa ba.

Saura gas. Wannan ya bari sai safiyar Asabar, wai don ya isa da ransa. Ya samo sodar masu burodi, ya riƙa zuba cokali cike a kowace roba. Da ta haɗu da tsamin sai ta taso fuu, shi kuma ya yi wuf ya rufe, ya ƙara murɗe murfin da filaya.

"Yallaɓai, ina iskar za ta je?"

"Ba inda za ta je. Abin da ake so ke nan."

Ya loda su a baro ya turo, ni ina biye da kuloli. Hanyarmu kuwa duk rami ce, rana ta riga ta buɗe. Kowane rami robobin sai sun yi tsalle sun koma. Kafin mu isa sun yi tauri kamar dutse, gindinsu ya kumbura, in ka tsayar da ɗaya a teburi sai ta kwanta ta gangara. Ya ce sabon salo ne, lemon kuzari ba ya zama wuri ɗaya. Ya cusa arba'in a kulata cikin ƙanƙara, sauran ya bar su a baro a gefen ƙofa, cikin rana.

Wuri ya cika. An jera kujeru, an kunna lasifika, 'yan kallo har bakin titi. Zakaran wurin, wani ƙato da ake kira Tirela, yana ta shafa farar hoda a hannu. Ni dai addu'a nake a raina Koci ya manta da mu.

Bai manta ba. Da aka yi hutun rabin lokaci ya yafito Injiniya, ya ce minti biyu. Injiniya ya karɓi makirfo ya yi minti goma sha biyar. Ya faɗi shekarun da ya yi a masana'antu, ya ce manyan kamfanoni sun so su saye sirrinsa ya ƙi. Ya ce kwalba ɗaya ta Tsawa, tsoho zai ɗaga abin da saurayi ya kasa. Sannan ya juyo da hannu a buɗe.

"Madam, buɗe kula."

Na buɗe. Gam ɗin takarda da ruwan ƙanƙara ba sa shiri. Takardun nan duk sun saki, fuskar mijina arba'in tana yawo a saman ruwa tana mini murmushi. Robobin kuwa suna ƙasa tsirara, kalar nan a fili. Na so ƙasa ta tsage.

"Wannan fa?" in ji Koci.

"Kalar halitta ce," in ji Injiniya. "Ba mu ɓoye komai."

Ya zaro ɗaya ya miƙa wa Tirela, don zakara ya buɗe taro. Tirela ya murɗa murfi. Murfi ya ce bai san zance ba. Ya sake murɗawa, jijiyoyin wuyansa suka fito. Mutumin da ɗazu ya ɗaga nauyin mutum uku, ga shi gaban jama'a yana kokawa da robar ruwa. Wani daga baya ya ce a kawo masa taimako, aka kwashe da dariya. Ransa ya ɓaci. Ya naɗe ta da tawul, ya matse ta a tsakanin cinyoyi, ya sunkuya a kanta ya murɗa da iyakar ƙarfinsa.

Murfin ya wuce ta gefen kunnensa ya kashe ƙwan fitila. Abin da ke ciki kuwa bai ɓata hanya ba, ya same shi a baki da hanci. Ya miƙe yana tari, idonsa ɗaya a rufe, irin na Tela sak.

"Ku lura da kuzari," in ji Injiniya a makirfo. "Tun bai haɗiye ba."

Wasu samari masu ƙarfin hali sun riga sun ɗebo nasu daga kula, suka huda da makulli, suka tara baki. Sai ga fuskoki shida sun yamutse lokaci ɗaya. Ɗaya ya ce an ba shi batir. Ɗaya kuwa harshensa kawai yake gogewa da rigarsa.

A nan baro ya fara magana. Roba ta farko ta fashe da ƙara kamar tayar mota. Ta biyu ta tayar da ta uku. Daga nan ba a ƙirga ba. Robobi suna tashi suna feshi, suna shigowa ta ƙofa suna juyi a ƙasa. Ban taɓa sanin ƙato yana iya shiga ƙarƙashin benci ba sai ranar. Masu ƙirji kamar ƙofa suna rige-rigen fita ta taga. Alƙalin gasa ya kare kansa da faifan ƙarfe. Koci ya taho da gudu zai ga me ke faruwa, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas a tsakiyar lemon, kuma karon farko da wani ya faɗi a wurin nan Koci bai yi dariya ba.

Injiniya yana bayan lasifika a tsugune, makirfo har yanzu a hannunsa. "Jama'a a kwantar da hankali. Wannan yana cikin shirin."

Ni ban san lokacin da na fizge ledar teburina ba. Na rufa wa baron, na kama hannuwansa, yana ta harbi a ƙarƙashin leda, na tura shi na kife a kwata. Na dawo jiƙe sharkaf, na buɗe kula ta biyu, wadda na hana shi taɓawa tun safe, na fara miƙa ruwa. Tirela ya shanye uku a tsaye. Samarin nan suka yi mini caa, kowa yana kurkure baki yana neman ƙari. Kafin minti goma saura roba ɗaya tak, na riƙe ta a hannuna.

Ita na kai wa Koci. Ya karɓa bai dube ni ba, ya wanke fuska, ya kurkure baki ya tofar, ya sake kurkurewa. Wuri ya yi tsit, sai wata roba can a kwata da ta makara ta yi nata ita kaɗai.

"Koci," na ce, "shekara biyu na yi ina binka. Ban taɓa kawo maka ruwa mai ɗumi ba."

"Kin san abin da ke cikin robobin nan?"

"Na sani."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Mijina ne."

Ya ajiye robar. Sannan ya tashi, wandonsa yana ɗiga, ya je bakin kulata ya tsamo takarda ɗaya daga cikin masu yawo. Ya nufi ƙofar shiga ya manna ta da tafin hannu, ya kira mai gadi.

"Ka ga wannan fuskar? In ta taka wannan gefen titin, kai da mai ruwa ku tafi tare." Ya juyo gare ni. "Ke kuma ki samo tsumma. Duk wurin nan ke za ki goge."

Sai da na goge har bayan la'asar, ina gogewa ina hawaye, ban san na takaici ba ne ko na godiya. Ƙasan wurin ya yi kwana uku yana kama takalmi.

Yau wata biyu ke nan. Teburina yana nan. Takardar ma tana nan, mai gadi ya ƙara mata salatif, kullum a ƙarƙashin fuskar mijina da damtsen wani nake wuni. A gida mun mayar wa mutane bahonsu da jarkokinsu, amma sai da ya juye komai a duro biyu ya rufe a bayan ɗaki. Tela in ya hango shi da kofi a hannu, ɗaki yake shigewa ya sa sakata.

Kullum da rana sai ya zo ya tsaya a can tsallaken titi, daidai inda doka ta ba shi, da kwanon abincina da filas ɗin shayi. Ba ya fashi, ko ana ruwa. Yana jira in tsallako, yana tare masu wucewa yana nuna musu ƙofa.

"Kun ga hoton can? Wata biyu da gama talla, sun ƙi cirewa."

Jiya na tsallaka na karɓi kwanon. Ya zuba mini shayi a murfin filas da hannunsa, yana kallona da wannan murmushin na jikin takarda. Tun kafin ya kai bakina na ji ƙanshin makulli.

"Yallaɓai, da me ka sa zaƙin?"

"Cokali ɗaya kawai, Madam, yadda kika ce tun farko."

Na dubi shayin, na dube shi, tsaye cikin rana da gumi a goshi, yana jira. Saura duro biyu a gida. Na rufe ido ɗaya tun kafin ya rufe da kansa, na shanye.